Yadda za ka kunna amfilifayar mota a cikin ɗaki

Amfilifayar mota ba ruwanta da ko a mota take ko a kan tebur. Abin da take so shi ne wutar DC daga volt 12 zuwa 14.4, irin wadda batir da altaneta ke ba ta. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wajen amfiya, wato yawan wutar da ake ja. Sai ka ga mutum ya ɗauko ƙaramar adafta mai volt 12 da amfiya 2, ya jona, fitila ta kama, yana ta murna. Da bas ya buga sau ɗaya, sai komai ya ɗauke. Volt ɗin ya yi daidai, amfiya ce ta gaza.

Don haka kafin ka sayi komai, yi lissafi. Ka manta da ƙaton adadin da aka rubuta a kwali da sunan MAX, wannan na talla ne. Nemi wat na RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. A ce amfilifayarka ajin D ce mai wat 500. Irin wannan tana mai da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja ya zama sauti, saura ya tafi a zafi, ke nan za ta ja wajen wat 625. Raba da 12, ka sami amfiya 52. Ajin AB ta fi haka ɓarna, don kusan rabin wutar na iya tafiya a zafi. Ni kam hanyar da na fi yarda da ita ita ce duba fis ɗin da ke gefen amfilifayar. In biyu ne masu 30, to ka shirya wa amfiya 60. Kiɗa ba ya jan wannan adadin kowane lokaci, amma a lokacin da ya ja, dole ya same shi.

Fawa saflai, wato na'urar da ke mai da wutar soket ta zama DC, iri uku aka fi amfani da su. Akwai mai akwatin ƙarfe da ramuka, wadda ake yi wa fitilun LED. Mai amfiya 30 ta ishi ƙaramar amfilifaya, kuma tana da ɗan sukuru na ɗaga volt kaɗan. Akwai ta kwamfutar tebur. Akwai kuma ta sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, wadda ni na fi so: ta HP mai wat 750 tana ba da amfiya 62.5 a volt 12, sai dai fankarta na da ƙara. Cajar batir kuwa kada ka kusance ta. Wutarta ba a tace take ba, gurnani za ka yi ta ji a sifika.

In ta kwamfuta ce a hannunka, duba takardar da ke jikinta ka ga amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashin +12V, don jimillar wat ɗin ta haɗa da wasu layuka da ba su shafe ka ba. Rawayen wayoyi su ne volt 12, baƙaƙe su ne as, wato negetif. Ba za ta tashi ba sai ka haɗa koriyar wayar da ke babban fulogi da baƙa ɗaya. Nan ne nake so ka natsu: kowace rawayar waya siririya ce, ba za ta ɗauki amfiya 40 ita kaɗai ba. Tattara rawayen wuri ɗaya, baƙaƙen ma haka, daidai da yawan rawayen, ka murɗe su ka like da dalma, sannan ka haɗa da kebul mai kauri. Geji 8 ya isa matsakaiciyar amfilifaya, geji 4 ga babba (geji ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri). Ka nemi na jan ƙarfe zalla, kuma ka taƙaita shi. Siririyar waya mai tsawo takan yi zafi har robarta ta narke, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan a wannan aikin.

Jonawar ba wuya. Wuta ta tafi +12V, da fis a kanta dab da fawa saflai. As ta tafi GND. Sai REM, mai tayar da amfilifaya, wadda a mota rediyo ne ke ba ta wuta: ja 'yar siririyar waya daga +12V zuwa can, ka sa makunni a tsakani. Auna da mita kafin ka ɗaure sukuru, domin juya wuta da as na iya ƙona amfilifaya nan take. Sauti kuma ta ramukan da ake kira RCA zai shiga, daga wayar hannu ko kwamfuta.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka buɗe fawa saflai ko da ka cire ta daga soket, kafasitocin ciki na riƙe ɗaruruwan volt. Kada kuma ka haɗa guda biyu baki ɗaya don ƙara amfiya, sai in an ƙera su don haka.

Ranar gwaji, rage GAIN, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya, zuwa ƙasa, ɗora mita a kan +12V da GND, sa kiɗa mai bas, ka riƙa ɗagawa sannu a hankali. In volt na tsaye kusa da 12, ka dace. In yana faɗowa wajen 11, ko fitilar PROTECT, alamar amfilifaya ta kashe kanta don kariya, ta kama, taɓa kebul ɗin: in da ɗumi, shi za ka canza da mai kauri; in da sanyi, fawa saflai ce ta yi kaɗan.