Babi na 4: Yadda Ake Gane Balasa da Danginta

Darasi na 1: Fure

Balasa ƙaramar ciyawa ce da ke yaɗo a wuri mai laima. Ku je wurinta da sassafe, domin furenta yana yaushi kafin rana ta take. Ku durƙusa ku ƙirga fallen furen. Uku ne: manya biyu shuɗɗa a sama, ƙarami ɗaya a ƙasa. Idan biyu kuka gani, ba laifi, na ukun yana ɓoye ne. Ku ƙara dubawa a hankali.

Darasi na 2: Aljihun fure

Nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Furen yana fitowa daga wani koren ganye da ya naɗe kamar aljihu. Wannan ba ganyen jikin kara ba ne, shi yana daf da furen.

Ku riƙe aljihun da yatsu biyu, ku duba gefensa na baya, wajen da ya haɗu da kara. Bakinsa biyu a manne suke, ko a rabe?

Idan a manne suke, ga faɗin ganye, ga kuma jajayen gashi a inda ganyen ya rungume kara, to balasa mai faɗin ganye ce. Ita takan yi wasu fararen furanni a cikin ƙasa, waɗanda ba sa buɗewa.

Idan a rabe suke har ƙasa, ganyen siriri mai tsini, fallen nan uku duk shuɗɗa, to 'yar'uwarta ce mai yaɗo, wadda ke kafa saiwa a kowace gaɓa.

Ku maimaita. Riƙe aljihu, duba baya: a manne ko a rabe? Sannu a hankali, za ku iya. Ku sake da wata. A manne ko a rabe?

Har yanzu wasu da sun hango shuɗi sai su yanke hukunci daga tsaye. Wannan ganganci ne. Launi kaɗai ba ya raba su. Kada wanda ya faɗi suna bai taɓa aljihun ba.

Darasi na 3: Sauran dangi

Akwai mai fure rawaya, aljihunta a rabe. Akwai mai tsayawa tsaye, ƙaramin fallenta fari, aljihunta a manne.

Aiki: ku samo iri biyu, ku zana aljihun kowace.