Yadda Ake Ɓare Sunan Kimiyya Kamar Gyaɗa

Kukan ɗalibaina kullum ɗaya ne: sunayen kimiyya na dabbobi da tsirrai sun cika tsawo, ba sa zama a ka. Ni kuwa nakan ce musu su ajiye hadda tukuna. Tun da Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya daidaita tsarin bai wa kowace halitta suna mai kalma biyu, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758, yawancin sunayen nan ɗinka su aka yi da guntayen kalmomin Girkanci da na Latin. Aikinka shi ne ka warware ɗinkin.

Fara da neman gaɓa. Sau da yawa harafin "o" ne ke haɗa guntaye biyu, sai ka yanka a nan. Ɗauki Hippopotamus amphibius: hippos doki ne, potamos kogi. Dokin kogi, dorina ke nan. Amphi na nufin ɓangare biyu, bios kuma rayuwa, wato tana rayuwa a ruwa da tudu.

Daga nan ka sami ƙaramin littafi, duk tushen da ka gano ka rubuta shi, domin zai sake dawowa. Ga soma, ma'ana jiki. Yana cikin Trypanosoma, ƙwayar cutar da ke jawo wa shanu sammore, inda trypanon ke nufin abin huda itace. Yana kuma cikin Schistosoma mai haddasa tsargiya. Schistos tsagagge ne, kuma da gaske namijin tsutsar yana da tsaga a jikinsa inda macen ke kwanciya. Ranar da na nuna wa aji hoton wannan tsagar, shiru ajin ya yi, sai wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, ashe sunan bayani ne!"

Na fi son na raƙumin dawa, camelopardalis: raƙumi da damisa a haɗe. Girkawa sun dubi wuyan sun ga raƙumi, kamar yadda kakanninmu suka gani, sannan suka ƙara da dabbare-dabbaren fatar.

Amma a yi hattara, ba kowane suna ne Girkanci ba. Bishiyar kuka ana ce mata Adansonia digitata, daga sunan Bafaranshe Michel Adanson, digitus kuma yatsa ne da Latin, saboda ganyenta kamar tafin hannu a buɗe. In guntu ya ƙi fassaruwa, ka bincika ko sunan mutum ne ko na wuri.

Gwada da gyaɗa, Arachis hypogaea. Hypo ƙarƙashi, ge ƙasa. Sai ka tuna inda take 'ya'ya.