Yadda ake gwama karatun aji da na na'ura a makaranta mai ƙaramin ƙarfi a Damagaram

Abin da ake nufi shi ne yaro ya ɗauki wani ɓangaren darasi daga bakin malami, wani kuma daga waya ko kwamfutar hannu. Makarantar mishan ce ko ta kuɗi, a Birni take ko a Zango, ba sai kowane ɗalibi ya samu na'urarsa ba. Goma sun isa aji mai yara 60.

Da wuta za a fara, tun kafin a sayi na'ura ko ɗaya. Kada a jingina da kamfanin wutar lantarki NIGELEC kaɗai, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Kwamfutar hannu guda tana shan wajen wat-awa 25 kafin ta cika, goma ke nan 250. Farantin sola mai wat 100 da batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, sun ɗauke wannan. A yi caji da safe ko da yamma, a ɗaki mai iska. Cajin tsakar rana ƙarƙashin kwano shi ke kumbura batir. Lokacin hunturu a riƙa share farantin, a ajiye na'urorin cikin akwati mai murfi, don ƙura na toshe bakin caja.

Sai darussan. A sauke su sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, kada a dogara da shi cikin aji. Manhajar Kolibri kyauta ce: a ɗora ta kan kwamfuta guda, a haɗa da ƙaramin akwatin wifi, sauran na'urori su ja daga gare ta ba tare da an sayi data ba. Kiwix kuma na ɗauke da Wikipedia ta Faransanci. Bidiyo kada ya wuce minti 6. Abin da ya fi aiki ma sau da yawa muryar malamin ajin ce, yana warware kalmomin Faransanci da Hausa. Darasin hadda kuwa murya ta ishe shi. A makarantun cocin Luther ana haddace Ƙaramin Katekizim, littafin koyar da addinin Kirista da Martin Luther ya fitar a 1529, tambaya da amsa. Malami ya naɗi tambayar, ya bar shiru na daƙiƙa 10, sannan amsar ta biyo.

A cikin aji a kasa yaran uku, 20-20. Kashi ɗaya gaban malami, ɗaya kan na'ura, biyu-biyu, na uku na aiki a littafi. Minti 15 kowane zango, minti 2 na sauya wuri, ragowar awar a buɗe darasi a rufe shi. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. In aka bar masu na'ura hannu rabbana, kafin malami ya waiwayo sun shiga ɗaukar hoto. Maganinsa tambayoyi uku a allo waɗanda ba a samun amsarsu sai cikin bidiyon, kuma a karɓi amsar a rubuce. A kulle na'urar kan manhaja guda. Kowace ta samu abin saurare biyu da ɗan mahaɗi mai baki biyu. In babu, goma su kama magana lokaci guda, aji ya koma kasuwar Dole. A kuma lura da wanda ke riƙe da na'urar: in ba a ce a yi musaya a tsakiyar zango ba, mai ƙarfi ne zai riƙe har ƙarshe.

Aikin gida ta WhatsApp a yi hattara da shi. Wayar ta baba ce, shi kuma ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i. A tura saƙon murya gajere, a ba da kwana biyu, kada a ɗora maki a kansa. Wanda babu waya a gidansu a ba shi minti 10 da safe kafin a shiga aji.

A gwada da aji ɗaya da fanni ɗaya, misali lissafi a CM2, ajin ƙarshe na firamare, har mako shida. A yi ɗan gwaji a farko da ƙarshe, darakta ya kwatanta makin kafin a sayi ƙarin na'ura.