Allo ya fito wayam? Fara duba w

Idan ka zana abu a OpenGL (tsarin da masu rubuta manhaja ke zana hotunan 3D da shi) bai fito ba, daina sauya alamomi a matiris da ka.

Ɗauki ɗigo ɗaya tak, (0, 0, -5, 1). Ninka shi da matiris ɗin hangen nesa (perspective projection), ka buga w, wato lamba ta huɗu a sakamakon (x, y, z, w), ka gani kafin a raba x, y da z da ita.

5 ya kamata ka gani, domin kyamara -z take kallo, kuma layin ƙarshe na matiris -z yake zubawa cikin w.

Ka ga -5? Alamar z ta juye, za a yanke ɗigon, ba zai fito a allo ba. Wata lamba daban? Galibi layuka da ginshiƙai ne suka yi musanya, wannan kam ya sha wahalar da mutane.

Amma fa w ba ruwansa da kusurwar gani. In ka sa kusurwar a digiri inda ake son radiyan (wani ma'aunin kusurwa daban), zai nuna 5 lafiya lau, hoton kuwa a karkace.