Yadda Ake Gwada Tausar Ƙoƙon Kai da Tsatso Domin Samun Hutu

Tausar ƙoƙon kai da tsatso, wadda masu yin ta ke kira kiraniyosakaral, taɓin hannu ne mai sauƙi matuƙa, har wanda ya saba da tausa ta murza da matsi zai iya sauka daga gadon yana tambayar kansa ko an yi masa wani abu kuwa. Mai yin ta yakan ɗora tafukansa a ƙeya, da gefen kai, da ƙasan baya, ya bar su a nan na wasu mintuna ba tare da ya murɗa gaɓa ko ya danna tsoka ba. Masu koyar da ita sun ce nauyin hannun bai kamata ya wuce giram 5 ba, wato nauyin tsabar senti 5 ta Amurka. Kafin mutum ya kwanta a gadon, ya kamata ya raba abubuwa biyu da masu tallarta suka saba gwamawa: hutun da take iya kawowa, wanda mutane da yawa suke ji a jikinsu, da kuma iƙirarin warkar da cuta, wanda bincike bai tabbatar ba.

Asalinta daga ostiyofati ne, salon jinya da hannu wanda Andrew Taylor Still ya assasa a Amurka a 1874, ya kuma buɗe masa makaranta a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. Ɗaya daga cikin ɗalibansa, William Garner Sutherland, ya lura da yadda bakin ƙasusuwan gefen kai suke hawa kan juna, sai ya ɗauka cewa an tsara su ne domin su riƙa ɗan motsi. Ya shafe shekaru yana bin wannan tunani, har ya wallafa littafi a kansa a 1939. Wanda ya ba hanyar sunan da aka san ta da shi a yau shi ne John Upledger, wanda ya yi bincike a Jami'ar Jihar Mishigan daga 1975 zuwa 1983, sannan ya kafa cibiyar koyarwa a Fulorida a 1985. Shi ne ya buɗe ƙofar koyon ta ga waɗanda ba likitoci ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai neman a yi masa, domin a yau ana iya samun wanda ya yi shekaru yana karatun lafiya da wanda ya halarci kwas na 'yan kwanaki, dukansu suna amsa suna ɗaya.

Nazariyar da aka gina ta a kai tana farawa ne da abubuwan da babu gardama a kansu. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai da ke kare su daga bugu, kimanin mililita 150 a jikin babba, kuma jiki yana samar da kusan rabin lita a kowace rana, saboda haka ruwan yana sabuntuwa sau uku zuwa huɗu kafin gari ya sake wayewa. Akwai kuma tantani mai kauri da ya lulluɓe su tun daga cikin ƙoƙon kai har zuwa ƙashin tsatso, wanda ƙasusuwa biyar ne da suka haɗe suka zama ɗaya. Daga nan ne masu wannan tausa suka ƙara nasu: sun ce ruwan yana da wani bugu irin na zuciya amma na daban, sau 6 zuwa 12 a minti guda, wanda hannu mai horo zai iya ji, kuma idan aka sassauta wuraren da suka ɗaure, jiki zai gyara kansa. A nan ne masana ƙirar jiki suka ja daga, domin mahaɗan ƙoƙon kai na babba a kulle suke gam, kuma mahaɗar da ke gindinsa, wadda nazariyar ta jingina da ita sosai, takan haɗe tun lokacin balaga. An kuma gwada sa masu yin tausar biyu su ƙirga bugun mutum ɗaya, sai lissafinsu ya yi ta saɓawa. Wani nazari da hukumar tantance hanyoyin jinya ta lardin Biritish Kolambiya a Kanada ta yi a 1999 bai sami isasshiyar hujja ba. A 2019 masu bincike a Jamus sun tattara gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi mutum 681 masu ciwo mai daɗewa, suka ga alamar sauƙi, amma wani nazarin da ya fito a 2024 ya ce babu wani amfani na jinya da ya tabbata. A ganina, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, kwanciya ta sa'a guda a ɗaki mai shiru, tare da wanda ya ba ka hankalinsa gaba ɗaya yana taɓa ka a hankali, ta isa ta sassauta numfashi da tsokoki, ko da bugun nan yana nan ko babu shi.

Matakin farko ke nan, mutum ya tsayar wa kansa abin da yake nema. Idan gajiya ce, ko ɗaurewar wuya da kafaɗu bayan dogon zama, ko hankali ne ya ƙi kwanciya da dare, babu laifi a gwada. Idan kuwa akwai ciwon da ba a san dalilinsa ba, sai a fara da likita, musamman ciwon kai da ya zo farat ɗaya da tsanani, ko wanda ke tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin ɓarin jiki, ko sauyin gani da magana. Waɗannan na asibiti ne a take. Su kansu masu koyar da tausar sun hana yin ta ga wanda ya sami karaya a ƙoƙon kai kwanan nan, ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko kumburin jijiyar jini a cikin kai, ko duk wata larura da ke ƙara matsin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata a kai ko a ƙashin baya, su nemi shawarar likitansu tukuna.

Zaɓen wanda zai yi tausar shi ne wurin da ya fi cancantar ɓata lokaci. A ƙasashe da yawa doka ba ta tsare wannan suna ba, don haka takardar shaida a bango ba ta wadatar ba. A tambaye shi wane horo ya samu, tsawon wane lokaci, kuma ko yana da wata sana'ar lafiya mai lasisi, kamar aikin jinya ko gashin ƙashi. A tambaye shi abin da yake sa ran za a samu, sannan a saurari amsar da kyau. Wanda ya ce, "Mutane da yawa suna samun natsuwa, amma ka ci gaba da zuwa wurin likitanka," ya faɗi abin da ya sani. Wanda ya ce zai warkar da farfaɗiya, ko galahanga, ko ciwon daji, ko ya ce a ajiye magani, ko ya nemi a biya kuɗin zama goma tun kafin a yi na farko, to a tashi a ba shi wuri. Wanda ya fi sakewa da a yi masa ta hannun namiji ko mace ya faɗa tun lokacin neman ganawa, domin akwai lokacin da hannu zai shiga ƙarƙashin ƙugu, kuma hutu ba ya samuwa ga wanda ke ɗari-ɗari.

Ranar zaman, a sa tufafi masu laushi marasa matsi, domin ba a tuɓewa, takalmi da ɗamara da tabarau kawai ake cirewa. Zaman yakan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda. Za a fara da tambayoyi game da lafiya da magungunan da ake sha, kuma bai kamata a ɓoye tsohon rauni a kai ko a wuya ba. Daga nan sai a kwanta rigingine, sau da yawa da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi. Da yawan masu tausar sukan fara da riƙe diddige, su yi shiru na ɗan lokaci, sannan su zura tafi ɗaya a ƙarƙashin ƙashin tsatso, daga baya su koma su zauna ta wajen kai, su tallafi ƙeya da tafuka biyu, yatsu suna hutawa a inda wuya ya haɗu da ƙoƙon kai. A wannan riƙon ne mutane da yawa suke jin nauyin kansu ya sauka gaba ɗaya a hannun wani, muƙamuƙi ya saki, ciki ya fara ƙugi, numfashi ya yi tsawo ba tare da an umarce shi ba. Wasu sukan yi barci, wasu hawaye ya zubo musu ba su san dalili ba, wasu kuma ba sa jin komai sai gundura, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abin da ba ya cikin wannan tausa shi ne zafi, ko fizgar wuya, ko lanƙwasa jiki da ƙarfi. Idan aka ji ɗaya daga cikinsu, sai a ce a dakata nan take.

Bayan an gama, a mirgina gefe, a zauna na minti ɗaya kafin a miƙe, saboda jiri. Kasala ko ɗan ciwon kai na yini guda ba abin mamaki ba ne, amma idan ya tsananta ko ya ƙi wucewa, kada a yarda da cewa wai jiki ne yake fitar da cuta. A je asibiti.

Batun jarirai yana bukatar taka-tsantsan na musamman, domin ana yawan tallata ta ga iyayen da jaririnsu ke yawan kuka. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, maɗigarsa ma takan kai kimanin wata 18 kafin ta rufe. A 2009 wata mujallar likitanci ta ƙasar Holan ta ba da rahoton jaririya 'yar wata 3 da ta rasu bayan wani mai kiran kansa mai wannan tausa ya lanƙwasa mata wuya da baya da ƙarfi. Kukan da ya ƙi tsayawa, ko ƙin kama nono, aikin likitan yara ne.

Akwai wani abu da babba mai lafiya zai iya yi a gida, wanda masu wannan hanya suke koyarwa. A saka ƙwallon tanis biyu a cikin safa, a ƙulle bakin yadda za su manne da juna, a kwanta rigingine a ƙasa, a sa su a ƙarƙashin ƙeya daidai da tsayin kunnuwa, a kan ƙashi, ba a kan wuya ba. A bar nauyin kai ya sauka a kansu na minti 5 zuwa 10, ana fitar da numfashi a hankali. Idan ƙwallayen sun yi tauri, a shimfiɗa tawul a kai, idan kuma an ji jiri ko tashin zuciya, a cire su. Duk hanin da aka ambata a baya ya shafi wannan ma.

Domin sanin ko kuɗin da lokacin suna biyan bukata, a rubuta tun kafin zaman farko yadda barci yake da kuma ƙarfin ɗaurewar jiki a kan ma'aunin 0 zuwa 10, a sake rubutawa kwana biyu bayan kowane zama. Idan an yi zama uku ko huɗu lambar ba ta motsa ba, babu dalilin ci gaba, ko da mai tausar ya ce yana jin sauyi a ƙarƙashin hannunsa.