Yadda Za Ka Auna Ko Hankali da Hujja Kaɗai Sun Isa Su Ɗauki Imani da Allah

Kafin ka ɗauki wata hujja ka auna ta, fara raba tambayar gida biyu, domin mafi yawan gardamar da ake tafkawa a kan wannan batu tana tasowa ne daga cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ko hankali zai iya kai mutum ga sanin cewa akwai Mahalicci, na biyu kuwa shi ne ko wannan sanin shi ne abin da ake kira imani. Wanda bai raba su ba zai yi ta kai gwauro yana kai mari, ya rinjayi abokin gardamarsa a kan na farko, ya zaci ya gama da na biyu.

Bayan haka sai ka tanadi ma'auni. Malaman tauhidi, irin su Muhammad ɗan Yusuf Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, sun kasa hukuncin hankali kashi uku: wajibi, wato abin da hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya ɗaukar samuwarsa, kamar jiki ya kasance yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Sun kuma bambanta wannan da hukuncin al'ada, wanda ake samu daga maimaituwar abu, kamar yadda muka san wuta tana ƙuna domin haka muka saba gani. Riƙe wannan bambanci da kyau, saboda kimiyya a fagen al'ada take aiki, tana auna abin da yake maimaituwa a cikin halitta. Mai neman a nuna masa Mahalicci a ɗakin gwaje-gwaje yana neman abu ne inda masu imani ba su taɓa cewa yana nan ba, haka kuma wanda ya ce wani gwaji ya tabbatar da Allah ya ɗora wa gwajin kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Sa'an nan ka ɗauki takarda da alƙalami, ka rubuta kowace hujja jimla-jimla, domin hujjar da take da daɗin ji a baki takan bayyana rauninta idan aka shimfiɗa ta a rubuce. Ɗauki hujjar farawar duniya, wadda masanin falsafa Al-Kindi ya yi amfani da ita a Bagadaza a ƙarni na 9, Imam Al-Gazali kuma ya ƙarfafa ta daga baya: duk abin da yake da farko yana da wanda ya samar da shi, duniya tana da farko, ashe ke nan tana da wanda ya samar da ita. A jimla ta biyu ake fafatawa. A 1927 Georges Lemaître, limamin coci kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, ya kawo lissafin da yake nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, binciken Edwin Hubble na 1929 ya mara masa baya, yau kuma masana suna ƙiyasta shekarun samaniya da kimanin biliyan 13.8. Wannan ya dace da hujjar, amma kada ka yi garaje, domin lissafin masanan yakan tsaya cik idan ya kusanci farkon lamarin, bai ce komai a kan samuwa daga babu ba. Thomas Aquinas, babban malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya yi imani cewa duniya tana da farko, duk da haka ya ce ta hanyar wahayi ake sanin wannan, hankali kaɗai ba ya tabbatar da shi.

A ganina hujjar Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ta fi jure wa girgiza, domin ba ta rataya a kan farawar duniya ba. Cewa ya yi duk abin da muke gani ja'izi ne, zai iya samuwa zai iya rasuwa, don haka samuwarsa aro ce daga waninsa. Kuma ko da jerin masu aro ya yi tsawo ba iyaka, jerin gaba ɗayansa yana nan a matsayin mai aro, dole a ƙare ga wanda samuwarsa tasa ce, wato wajibin samuwa. Ka daɗe a kan wannan hujja, ka tambayi kanka ko za ka iya yarda cewa abu ja'izi ya samu haka kawai ba dalili, domin a nan ne masu musunta ta suke tsayawa.

Kada ka wadatu da jin suka daga bakin wanda yake son ya rushe sukar. Nemi mai sukar ka karanta shi da kalmominsa. Masanin falsafa David Hume ya soki hujjar tsarin halitta, wato cewa tsarin da ke cikin halitta yana nuna akwai mai tsara ta, masanin falsafa Immanuel Kant kuma a 1781 ya ce hankali ba ya iya tabbatar da samuwar Allah ko kore ta. William Paley, malamin Kirista, a 1802 ya kwatanta halittu masu rai da agogo wanda dole yana da maƙeri, sai Darwin ya zo a 1859 da bayanin yadda halittu suke sauyawa bisa zaɓin yanayi, wato waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ne suke rayuwa su hayayyafa, mutane da yawa da suka jingina imaninsu ga wannan kwatancin kaɗai suka rikice. Don haka ka guji kafa imaninka a kan gurbin da kimiyya ba ta cike ba tukuna. Akwai kuma tambayar wahalar da marasa laifi suke sha, wadda ta fi kowace nauyi a zuciya, kuma bai kamata a ba ta amsa da sauri ba.

Idan hujja ta tsaya, sai ka auna tazarar da ke tsakanin abin da ta tabbatar da abin da kai ka yi imani da shi. Daga wajibin samuwa malamai sun fitar da kaɗaitaka da iko da sani, amma yadda ake bauta, da gafara, da bayanin lahira dalla-dalla, sun sanya mafi yawansu a cikin abubuwan da ake ji daga manzanni. Majalisar Fatikan ta Farko, wato taron manyan malaman cocin Katolika, ta faɗi irin wannan a 1870: ana iya sanin Allah da hasken hankali ta hanyar halittunsa, amma akwai asiran da sai an saukar da su. Ko a kan nauyin da hankali yake ɗora wa mutum an yi saɓani tsakanin mazhabobin tauhidi, domin Mu'utazilawa da Imam Maturidi sun ga wajibi ne mai hankali ya san Mahalicci ko da manzo bai iso gare shi ba, Ash'arawa kuwa suka ce babu kamu sai bayan aiko manzo.

Daga nan ka juyo da ma'aunin kan ita kanta ƙa'idar “hujja kaɗai”. Masanin lissafi da falsafa William Clifford ya rubuta a 1877 cewa laifi ne mutum ya yarda da wani abu ba tare da isasshiyar hujja ba, masanin falsafa William James ya mayar masa da martani a 1896 cewa akwai zaɓin da ba ya jira, wanda ƙin yanke hukunci a kansa ma hukunci ne. Gwada ka kawo hujjar da za ta tabbatar maka cewa hankalinka abin dogaro ne ba tare da ka yi amfani da hankalin ba, za ka ga ba ta yiwuwa. Al-Gazali ya ba da labarin yadda irin wannan shakka ta kama shi kusan wata biyu, ya daina amincewa da gani da ji, har da hukuncin hankali, ya kuma ce bai warke ta hanyar jera dalilai ba, sai da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ga cewa sanin Mahalicci yana cikin fiɗirar ɗan Adam, wato ɗabi'ar da aka halicce shi a kanta, tun asali, hujja tana farkar da shi ne kawai.

Yanzu koma ga rabon da ka yi tun farko. Alƙur'ani ya faɗi game da mutanen Fir'auna, a aya ta 14 ta Suratun Namli, cewa sun musunta ayoyin alhali zukatansu sun sakankance da su, Iblis ma bai taɓa shakkar samuwar Ubangijinsa ba. Ashe sani yana iya cika imani bai samu ba, domin imani ya ƙunshi gaskatawa da amincewa da miƙa wuya, waɗanda aiki ne na zuciya da nufi. Saboda haka, yayin da kake auna hujjoji, ka riƙa auna kanka: wace amsa kake fata ta fito, kuma me za ta sa ka bari ko ka ɗauka idan ta tabbata? Mai imani da mai musu duka suna buƙatar wannan tambaya. Idan kuma wata hujja da ka daɗe kana dogaro da ita ta karye a hannunka, rubuta ainihin jimlar da ta karye, ka duba ko sauran hujjojin sun rataya a kanta, sa'an nan ka kai ta ga wanda ya fi ka sani kuma ba ya fushi da tambaya.