Yadda ake tsare awaki da tumaki tun ciwo bai shigo gida ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani shi ne abin da ya faru gidanmu da hunturu. Inna ta kwashi adashe ta aiki ƙanena kasuwa ya sawo mata jar akuya, irin tamu ta Sakkwato, kyakkyawa da ita, gashi na sheƙi. Da la'asar anka kawo ta anka ɗaure wuri guda da sauran, sunka sha ruwa kwano ɗaya. Kwana biyar ba a cika ba sai ga majina, ido ya yi kwantsa har ya manne, baki duk gyambo ga wari, sannan zawo ya biyo. Cikin sati biyu ciwon ya bi garken kaf, 'yan ƙanana su anka fara ɗauka ana fitarwa. Na ga Inna zaune bakin turke da asuba tana share ma wata hanci da gefen zanenta, har yau abin bai bar raina ba, don awakin nan su ne bankinta, su ne kayan ɗakin ƙanwata.

Wanga ciwo da muke ce ma mura da zawo shi likitocin dabbobi ke kira PPR. Tun 1942 anka fara gano shi a ƙasar Kwaddibuwa, kuma ƙwayar cutar bairos ke kawo shi, wato babu wani kafso ko allura da ke kashe shi in ya riga ya shiga. Ku riƙe wannan da kyau don nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Ja da yalon da ake buɗewa a zuba cikin ruwa, ko allurar LA ta kashe ƙwayoyin bakteriya da ake yi, iyakarsu su taimaka ma bisa kada ciwon huhu ya hau kan wancan, amma ba su ne magani ba. Maganin shi rigakafi, kuma tun bisa na da lafiya ake yi.

To abu na farko, duk bisan da kunka sawo, daga kasuwar Kara ne ko ta Achida ko ta Illela, kada ya haɗu da na gida sai ya yi sati uku shi kaɗai. Na san gidajenmu ba su da fili, amma ko bayan ɗaki ne ko zaure ko kangon maƙwabci a nema. Kwanon ruwan shi daban, na dusa daban, kuma a fara ba na gida abinci kafin a je wurin baƙon, in an fito a wanke hannu. Dalili, kasuwa mahaɗa ce, bisashe daga Nijar da ƙauyukka daban daban suna cuɗanya suna shaƙar numfashin juna, wani kuma da ma don ya ga ciwo ya fara taɓa garken shi ne ya yi maza ya kawo kasuwa. Bisa na iya ɗauke da ciwon kwana huɗu zuwa shida bai nuna komi ba, kai da dillali duk ba ku gani. Ragon layya ma haka, kada a ce ai kwana kaɗan zai yi, kwana kaɗan ɗin sun isa.

Sai allurar rigakafin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, kuma allura guda na tsare bisa har wajen shekara uku. Ana yi ma ɗan akuya in ya kai wata huɗu, don haka kowace shekara akwai sababbin haihuwa da ke jira. Kwalbar ta bisashe da yawa ce, mai awaki shida ba zai iya shanye ta ba, shi ya sa ya fi kyau unguwa ta haɗa kai, a sa rana, a je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a ɗauko ma'aikaci. In kuna cikin gari akwai asibitin dabbobi na gwamnati, akwai kuma na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abu ɗaya da nike roƙonku ku duba da idonku, allurar nan ba ta son zafi ko kaɗan. In mutum ya zo da ita cikin aljihu ko leda babu kula babu ƙanƙara, cikin wagga rana tamu ta Sakkwato, to ruwa kawai zai tsira ma bisashenku. In an haɗa ta kuma a gama da ita cikin awa biyu. Mafi kyau a yi kafin sanyi ya shigo.

In kuma ƙaddara ta riga, ciwon ya shigo, a ware mai ciwo nan take, a sa shi inuwa inda iska ba ya bugu. Zawo ke kashe su da sauri don ruwan jiki na ƙarewa, saboda haka a dama ruwan gishiri da suga kamar yadda ake yi ma yara, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shida na suga, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ta gefen baki, kada a ɗaga kai sama a ɗura don yana iya sarƙewa ya tafi huhu. A share hanci da ido da tsumma da ruwan ɗumi. Bakin na ciwo, harawa busassa ba ta ciyuwa, sai dusa da anka jiƙa ta yi laushi ko ɗanyen ganye. A kira likita, kuma don Allah kada a saki sauran su fita yawo su kai ma maƙwabta.

Tsutsar ciki ita ba ta da hayaniya, a hankali take cin bisa. Ga dabarar da ba ta cin ko sisi, ka ja fatar idon ta ƙasa ka duba cikin. In ja ne jawur lafiya lau, in ya yi fari fat jini ya ƙare, in kuma ka ga ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an zuba ruwa to abin ya yi nisa. A ba da maganin tsutsa farkon damina da kuma ƙarshenta, daidai nauyin bisa, don ragin awo da muke yi saboda tsimi shi ke sa tsutsar ta saba da magani. Maganin tsutsa Albendazol ba a ba akuyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, yana iya ɓata cikin. Masu kiwo bakin gulbin Rima da fadamun Goronyo da Wurno ku kuma ku kula da ciwon hanta, dodon koɗin da ke cikin ruwan kwance shi ke riƙe tsutsar, ku faɗa ma likita inda bisashenku ke kiwo don ya san maganin da zai zaɓa. Tsofaffinmu na jiƙa sassaƙen maɗaci, ban raina shi ba, amma ba ya da awo, in ido ya riga ya yi fari kada a tsaya nan.

Ƙazuwa da kaska, allurar Ivomec na aiki, ƙarƙashin fata ake yi ba cikin tsoka ba. A share turke kullum a kwashe kashi a kai gona, da damina kada a bari su kwana cikin caɓi don kofato na ruɓewa.

Sai leda. Wallahi leda na kashe awaki cikin garin nan ba kaɗan ba, ku tambayi mahauta abin da suke fiddawa cikin tumbi, dunƙule guda kamar ƙwallo. Akuya na ci tana ramewa, ciki ya yi tauri, an ba da magani har an gaji, ashe leda ce, kuma ita sai aikin tiyata. Da bazara da abinci ya yi wuya sun fi cin ta, a aje masu kanwa ko gishirin lasa, a tanadi harawa da ƙowa tun da kaka lokacin da suke da araha, in da hali a ɗaure su gida.

Bisan da kunka tarar ya faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita hanci ko dubura, kada a sa mai wuƙa, kada a feɗe, kada a ja shi ƙasa. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ya ɓulla wata gona kusa da Suleja a 2023, kuma yana kama mutane. A hana yara da karnuka kusantar wurin, a kira ma'aikacin dabbobi, a gina rami mai zurfi a rufe. Wanda anka yi ma allura kuma a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a yanka ko a sha nonon, yana rubuce jikin kwalbar.